ILMIN KWANTAM DA ƘARFIN DA A KE CEWA YA GAME DUNIYA

Akwai wata kalma da ta fito daga ɗakin binciken masana kimiyya, ta shiga kasuwa, har ta fi yawo a bakin 'yan talla bisa ga bakin masu ita. Kalmar kuwa ita ce kwantam. Ana rataya ta ga abin wuya da munduwa, ana liƙa ta ga kwalbar magani, ana kuma kafa hujja da ita, wai masana sun tabbatar da abin da mutanen da suka faɗa, cewa akwai wani ƙarfi ɓoyayye wanda ya game duniya duka, mai ratsa mutum da itace da dutse, wanda zuciya ta ke iya sarrafawa. Tun da ya ke malaman makaranta su ne yara za su tambaya, akawuna kuma su ne masu albashin da 'yan talla su ke hange, mun ga ya kamata mu jera maganganun nan a gabanku, mu duba inda suka yi kama da inda suka rabu.

Tushen ruɗanin kalma ɗaya ce ta Turanci, watau enaji. Bature ya kan kira ƙarfin da ke cikin gawayi da ita, ya kira kazar-kazar ɗin yaro da ita, ya kuma kira abin da mutum ya ke ji a jikinsa in ya shiga gaban babban mutum da ita. Harshenmu ya raba su. Na farko makamashi ne, na biyu kuzari, na uku kwarjini, ba kuwa Bahaushen da zai ce zai dafa tuwo da kwarjini. Wanda ya riƙe wannan rabon ya gama rabin aikin.

TSOHON ZANCE NE

Tunanin ƙarfi guda mai rayar da kome tsoho ne ƙwarai. Mutanen Sin suna kiransa ci, suna cewa yana gudana a jiki ta waɗansu hanyoyi, in ya toshe sai ciwo ya zo. Mutanen Indiya suna kiransa firana, suna haɗa shi da numfashi. Waɗansu masu falsafa na Yunanawa sun ce wata iska ce mai ɗumi ta riƙe halitta duka. A tsibiran tekun Fasifik kuma akwai mana, wadda wani Bature mai suna Codrington ya bayyana wa Turai a littafinsa na 1891. Ba abin raini ba ne mutum ya ga bambancin mai rai da gawa, ya nemi sunan abin da ya fita. Tambaya ce ta masu hankali.

A Turai aka fara kai zancen gaban ma'auni. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya sauka birnin Paris cikin 1778, ya ce ya gano wani ruwa da ba a gani, mai kama da ƙarfin maganaɗisu, wanda ya haɗa taurari da jikin mutum. Ya kan zaunar da marasa lafiya kewaye da wani babban baho mai ruwa da garin ƙarfe, kowa ya riƙe sandar ƙarfe, shi kuwa yana zagayawa yana nuna su da hannu. Mutane suka riƙa shiɗewa, waɗansu suka ce sun warke, manyan gari suka yi ta tururuwa. Cikin 1784 Sarkin Faransa ya naɗa masana su bincika, cikinsu har da Benjamin Franklin, jakadan Amurka, da Lavoisier, uban ilmin haɗa sinadarai. Dabarar da suka yi mai sauƙi ce. A lambun gidan Franklin, wani almajirin Mesmer ya zuba wa itace ɗaya ƙarfin nan, sa'an nan aka ɗaure wa wani yaro ɗan shekara 12 idanu, aka bi da shi itatuwan da ba a taɓa ba. Yaro ya yi ta cewa yana jin abin yana ƙaruwa, a itace na huɗu ya faɗi sumamme, bai kuwa kai ga wanda aka zuba wa ba. Masanan suka rubuta cewa shiɗewar gaskiya ce, amma zato ne ya kawo ta, ruwan kuwa ba su ga alamarsa ba. Ɗaure idon nan shi ne kakan gwajin da a ke yi wa sababbin magunguna har yau.

NA MASU ƘAGA LABARI

Abin da ya faɗi a gaban ma'auni bai mutu ba, sai ya koma littattafan hira, inda ya sami wurin zama mai kyau. Cikin 1871 wani marubucin Ingila, Bulwer-Lytton, ya wallafa labarin waɗansu mutane da ke zaune ƙarƙashin ƙasa, masu wani ƙarfi da ya raɗa wa suna Vril. Da sanda ɗaya su ke warkar da ciwo, da ita kuma su ke rushe dutse. Labarin ya yi farin jini har aka ɗauki sunan aka haɗa da kalmar Latin ta saniya, aka raɗa wa ruwan naman nan na kwalba, Bovril. Waɗansu kuma suka ɗauki ƙagen gaskiya ne, suka shiga neman Vril ɗin.

Wanda ya fi duka shahara shi ne na sinimar Star Wars, wadda George Lucas ya fitar a Amurka cikin 1977. A cikinta akwai wani Ƙarfi da masu rai su ke haifarwa, ya ɗaure taurari duka wuri ɗaya. Jarumin da ya horu ya kan ɗaga kaya da nufinsa kawai, ya ji mutuwar jama'a a wata duniya mai nisa nan take. Ƙarfin yana da gefen haske da gefen duhu, fushi da ƙiyayya su ke jan mutum zuwa duhun. Labarin ya shiga zukata har a ƙidayar Ingila da Wales ta 2001 mutum wajen 390,000 suka rubuta sunan jaruman nan, Jedi, a gurbin addini, yawancinsu don raha. Wani abin lura kuma, da aka fitar da wani kashi na sinimar cikin 1999, aka nuna ana auna Ƙarfin a jinin yaro da na'ura, sai masu sha'awar labarin da yawa suka ji haushi. Sun gane, ko ba su faɗa ba, cewa daɗin abin yana cikin rashin awonsa.

Ku lura da halayen ƙarfin nan, ko na Mesmer ko na sinima, gama su za mu riƙa gwadawa. Yana jin nufin mutum. Ya san nagari da mugu. Ya fi son masu rai. Ba ya ƙarewa, ba a kuma tambayar inda aka samo shi ko nawa aka kashe.

MENE NE KWANTAM?

Makamashi a wurin masana abu ne na lissafi, kamar kuɗi a littafin ma'aji. James Joule na Manchester ya nuna tun shekarun 1840 cewa motsi da zafi abu ɗaya ne da ke sāke kama, ma'auninsa ma da sunansa a ke kira, watau jul. Ɗumama giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya ya kan ci jul 4.2, tafasa lita ɗaya daga sanyin randa kuwa ya kan ci fiye da jul 300,000. Dokar ita ce ba a ƙirƙirarsa, ba ya kuma ɓata. Abin da ya shiga da abin da ya fita tilas su daidaita, in ba su daidaita ba, akwai shafin da ba a duba ba.

Ran 14 ga Disamba 1900, Max Planck ya tsaya gaban masana a Berlin ya kawo wata magana da shi kansa bai so ba. Yana neman dalilin launin hasken da abu mai zafi ya ke fitarwa, kamar ƙarfe a maƙera da ke tashi daga ja zuwa fari. Lissafi ya ƙi fita sai da ya ɗauka cewa makamashin haske ba ya kwarara kamar ruwa, ƙwaya-ƙwaya a ke biyansa. Ƙwayar nan ita ce kwantam, asalin kalmar kuwa a Latin tambaya ce, watau “nawa?” Waɗanda suka san zamanin sule da kwabo sun tuna anini shi ne ƙarshen ƙanƙanta, ba a biyan rabinsa. To, haka haske ya ke, sai dai kowane launi da nasa aninin: na ja ƙarami, na shuɗi ya fi shi. Lambar da ke tsara wannan ƙanƙanuwa ce ainun. In za a rubuta ta, sai a sa ɗigo, a jera sifiri 33, kana a rubuta 66. Saboda haka ba mu lura da ƙwayoyin, gama 'yar fitila mai ba da haske na wat ɗaya tana zubo fiye da biliyan sau biliyan nasu a daƙiƙa guda.

Cikin 1905 Albert Einstein ya yi amfani da wannan ya warware wata matsala. In aka haska farantin tutiya da jan haske, kome ƙarfinsa, ba ya fid da ƙwayar lantarki ko ɗaya, amma ɗan hasken da ya wuce shuɗi, ko raunana ne, nan da nan ya ke fid da su. Kamar ƙofa ce da a ke shiga da sule guda, ba a kuwa yarda a yi karo-karo: mutum dubu masu anini-anini suna waje, mai sule ɗaya ya shige. Cikin 1913 Niels Bohr na Danmak ya nuna cewa ƙwayar lantarki a cikin atam matakala ta ke hawa, ba ta tsayawa tsakanin taki biyu, in ta sauko kuwa sai ta fid da haske mai launi ƙayyadadde. Wannan ya sa in kun watsa gishiri a wuta harshenta ya kan koma rawaya, ko a wane gari, ko a hannun wa. Daga 1925 zuwa 1927 Heisenberg da Schrödinger da Born suka gina cikakken lissafin. A ciki aka ga ƙwayar lantarki tana tafiya kamar igiyar ruwa, tana sauka kamar tsakuwa, lissafi kuma ba ya faɗin inda guda ɗaya za ta sauka, sai dai ya faɗi daidai yadda dubbai za su rarrabu.

Ilmin nan ya biya kuɗin sa. Daga gare shi aka sami taransista cikin 1947, wadda ita ce zuciyar rediyo da kwamfuta da wayar hannu, aka sami hasken leza cikin 1960, da farantin da ke mai da hasken rana lantarki. Tun 1967 daƙiƙa kanta da shi a ke aunawa, watau kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken atam ɗin siziyam. Ƙarfin maganaɗisun ƙwayar lantarki kuwa, abin da aka lissafa a takarda da abin da aka auna sun yi daidai har lambobi fiye da goma. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2025 don tunawa da cikar ilmin shekara 100.

INDA SUKA YI KAMA

Kada a ce masu haɗa abin biyu ba su da abin kamawa. Bohr da kansa, da aka ba shi lambar girma ta ƙasarsa cikin 1947, tambarin nan na Sin mai baƙi da fari ya zaɓa ya sa a alamar gidansa. Schrödinger ya karanta littattafan falsafar Indiya da sha'awa. Eugene Wigner ya taɓa kawo shawara cikin 1961 cewa hankalin mai kallo yana da hannu cikin awo, ko da ya ke daga baya ya bar ra'ayin. Cikin 1975 Fritjof Capra, wanda shi ma masanin kimiyya ne, ya wallafa The Tao of Physics, ya jera maganganun masana kusa da na masu zurfafa tunani na Gabas, ya ce hanya biyu ce zuwa gida ɗaya. Littafin ya sayu ƙwarai. Bayansa Deepak Chopra ya fitar da Quantum Healing cikin 1989, ya kai kalmar fagen magani. Abubuwa uku a ke yawan arowa, bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Na farko, mai kallo. In aka harba ƙwayoyin lantarki ta tsaga biyu, su kan zana layi-layi a bango, irin na igiyoyin ruwa biyu da suka gamu. In aka sa na'urar da za ta gane ta wace tsaga kowace ta bi, sai layukan su ɓace. Daga nan aka ce ashe kallon mutum ke sāke duniya, saboda haka tunani na iya jawo dukiya ko lafiya. Amma abin da masana su ke kira kallo, taɓawa ce. Na'urar ce ke cuɗanya da ƙwayar, ko akwai mutum a ɗakin ko ya tafi cin abinci. A Biyana, cikin 2004, an yi gwajin da waɗansu dunƙulen atam na gawayi. Da aka zafafa su har suka fara fid da haske da kansu, sai layukan suka dushe, gama hasken ya tona hanyar da suka bi. Ba zuciyar kowa a ciki, zafi kaɗai ya yi aikin. Wannan kuma shi ya sa ba a ganin al'ajiban kwantam a jikin akuya ko mutum: abu babba mai ɗumi, iska da haske suna taɓa shi ba iyaka a kowace daƙiƙa.

Na biyu, sarƙaƙiya. Ana iya shirya ƙwayoyi biyu su zama tagwaye, a raba su nesa, duk abin da aka auna a ɗaya sai ya dace da na ɗayar. Einstein ya yi ƙorafi a kan wannan cikin 1935. John Bell ya nuna yadda za a gwada cikin 1964, Clauser ya gwada cikin 1972, Aspect cikin 1982, cikin 2017 kuma wani tauraron ɗan Adam na Sin ya raba irin tagwayen nan tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,200. Abin gaskiya ne, Aspect da Clauser da Zeilinger sun sami kyautar Nobel a kansa cikin 2022. Sai dai ku ji iyakarsa. Ku ɗauka akawu biyu ne, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, kowa yana jefa kwabo yana rubuta kai ko wutsiya. Kowannensu in ya dubi littafinsa ba ya ganin kome sai hargitsi, ba kuwa wanda ya isa ya sa kwabonsa ya faɗi yadda ya so. Sai ran da aka aiko da littattafan biyu ta gidan waya aka jera su, kana a ga sun dace, dacewar da ta wuce abin da haɗin baki tun farko zai iya bayarwa. Abin mamaki ne, amma ba saƙo ya wuce ba, ba makamashi ya wuce ba. Jarumin sinima da ya ji kukan wata duniya nan take, labari ya samu, labari kuwa shi ne ainihin abin da sarƙaƙiya ba ta ɗauka.

Na uku, makamashin sarari. A nan kamar ta fi ƙarfi, gama masana sun yarda akwai filaye da ba a gani waɗanda suka game ko'ina, ƙwayoyi kuwa motsi ne a cikinsu. Ɗaya daga ciki, filin Higgs, an yi hasashensa cikin 1964, aka tabbatar da shi kusa da Janiba cikin 2012. Sun kuma yarda ko an kwashe kome daga wuri, akwai ɗan motsin da ba ya kwantawa. Shi ya hana ruwan hiliyam daskarewa kome sanyi, in ba a matsa shi ba. Hendrik Casimir na Holan ya lissafa cikin 1948 cewa faranti biyu da aka kusantar ƙwarai a sarari za su ja juna, cikin 1997 aka auna jan da kyau a Amurka. To, me ya hana mu ɗebo wannan mu haska gari? Injin Kainji yana juyawa ne don ruwa yana faɗowa daga sama zuwa ƙasa. Makamashin sarari kuwa shi ne taki na ƙarshe a matakala, ba inda zai faɗa. Filayen nan kuma ba su san mai rai da gawa ba. Atam ɗin da ke cikin zuciyar adali da wanda ke cikin zuciyar ɓarawo doka ɗaya su ke bi.

Kama da wane dai ba wane ba ne. Masanin da ya ce kome a haɗe ya ke yana nufin lissafi mai sharuɗɗa, mai zurfafa tunani da ya faɗi haka yana nufin abin da zuciyarsa ta ɗanɗana. Jimla ɗaya, ma'ana biyu.

MA'AUNI BA YA JIN KUNYAR KOWA

In akwai wani ƙarfin rai dabam da ke shiga jiki, to, ya kamata littafin jiki ya ƙi daidaita. An duba. Cikin 1894 Max Rubner a Jamus ya sa kare cikin wani akwati mai auna zafi na kwanaki, ya lissafa makamashin abincin da jikinsa ya ƙona da zafin da ya fitar, suka zo daidai. Daga baya aka maimaita da mutane a Amurka, aka sami haka. Lalle akwai lantarki a jiki, zuciya da ƙwaƙwalwa suna aiki da shi, amma wannan sananne ne, asibitoci suna zana shi a takarda kullum.

Masana su kansu sun sha faɗawa ramin nan, abin da ya fisshe su shi ne sun yarda a gwada su. Sun daɗe suna cewa akwai wani abu siriri, ita, wanda ya cika sarari, haske ke tafiya a cikinsa. Michelson da Morley suka neme shi a Amurka cikin 1887 ba su gan shi ba, bayan aikin Einstein na 1905 aka jingine shi. Cikin 1903 wani shehun malami a Nancy ta Faransa, Blondlot, ya ce ya gano sabon haske, waɗansu ma suka ce jikin mutum na fitar da shi. Robert Wood ya zo daga Amurka cikin 1904, a cikin duhun ɗakin ya zare wani ɓangare na na'urar wanda ba ta aiki sai da shi, ya sa aljihu. Malamin ya ci gaba da karanta sakamako kamar ba abin da ya faru. Ba maƙaryaci ba ne, idonsa ne ya ga abin da zuciyarsa ta ke so. Haka Wilhelm Reich, wanda ya ƙera akwatin tara wani ƙarfin duniya da ya kira ogon, ya kai wa Einstein cikin 1941. Einstein ya karɓa ya gwada, ya tarar ɗan ɗumin da a ke gani a kan akwatin daga yadda iska mai zafi ta ke tashi a ɗaki ne.

Gwajin da ya fi dacewa da malaman makaranta wata 'yar makaranta ce ta yi shi. A Amurka akwai masu jiyya da su ke cewa suna jin ƙarfin da ke kewaye da jikin mutum da tafin hannunsu, suna gyara shi ba tare da taɓawa ba. Emily Rosa, tana da shekara 9, ta kafa allon kwali, mai jiyya ya zura hannuwansa biyu ta ƙasa ba ya ganinta. Sai ta jefa kwabo, ta ɗora hannunta sama da na dama ko na hagu, ta ce ya faɗi wanne. Mutum 21 suka yarda aka gwada su, sau 280. Suka dace sau 123, watau 44 cikin 100, alhali mai cinta kawai ya kan sami wajen rabi. Cikin 1998 babbar mujallar likitocin Amurka ta buga aikin, yarinyar tana da shekara 11. Kwali da kwabo ne kayan aikinta duka.

Wannan ba ya nufin duk abin da masu ci da firana su ke yi banza ne. Motsa jiki a hankali, da jan numfashi, da natsuwa, suna da amfanin da a ke iya aunawa, hannun mai jinƙai kuma yana kwantar da hankalin majiyyaci. Amma amfanin aiki dabam, gaskiyar bayanin da aka ba shi dabam.

MAI TATSUNIYA, MAI TUNANI, DA MAI TALLA

Mai ƙaga labari ba mu da ƙara a kansa. Kamar mai tatsuniya ne, wanda tun daga buɗewa kowa ya san inda aka dosa, in ya rufe kuma ya ɗora wa Gizo ƙaryar. Lucas bai ce a bar asibiti a nemi Ƙarfi ba. Maganar ruhi da abin da ke bayan halitta kuwa tana da malamanta, ba ta cikin abin da ma'aunin jul ya ke hukunta wa, ba ta kuma bukatar aron hujja daga gare shi. Wanda ya jingina abin da ya gaskata ga wani ra'ayin kimiyya ya jingina ga bangon da a ke sāke gini. Capra ya kafa babban sashen hujjarsa a kan wani ra'ayi na Geoffrey Chew, cewa babu ƙwayoyi na tushe, kowace daga sauran ta ke. Kafin littafin ya tsufa masana suka koma ga bayanin kwak, ƙananan ƙwayoyin da ke cikin cibiyar atam, aka bar wancan a baya.

Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne na uku, mai ɗaukar alkawarin tatsuniya ya sa masa rigar kimiyya ya kai kasuwa. Cikin Disamba 2010 hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta sa kamfanin munduwar Power Balance, wadda manyan 'yan wasa su ke ɗaurawa wai tana daidaita ƙarfin jiki, ya bayyana a fili cewa ba shi da hujjar kimiyya, ya kuma mai da kuɗin masu so. Cikin Disamba 2021 hukumar kula da tururin nukiliya ta Holan ta gargaɗi jama'a a kan kaya iri goma, cikinsu har da abin wuya mai sunan kwantam, da a ke sayarwa don kāriya daga igiyoyin wayar hannu. Da aka auna, ashe su ne ke fid da tururi mai cutarwa in an daɗe ana sawa. Garuruwanmu ma ba su tsira ba. Akwai 'yar na'urar da a ke ba mutum sandar ƙarfe ya riƙe minti ɗaya, kwamfuta ta fitar da dogon rahoto a kan hanta da ƙoda da jini, sa'an nan a miƙo masa maganin saye. Ba wata doka ta kwantam da ta ba tafin hannu ikon faɗin wannan. Na'urar asibiti ta gaske mai aiki da ilmin nan, wadda ke hoton cikin jiki da maganaɗisu, nauyinta tan-tan ne, ɗaki guda a ke ware mata. Hasarar kuɗi ita ce ƙarama. Babbar ita ce mai ciwon sukari ko hawan jini ya ajiye maganinsa, ko mai ƙari ya yi jinkirin zuwa asibiti har lokaci ya ƙure.

Saboda haka, ya ku malamai, in yaro ya zo da zancen wani ƙarfi, kada ku kore shi, kada kuma ku yi masa dariya, gama sha'awar abin mamaki ita ce ƙofar ilmi. Ku koya masa tambayoyin mai binciken kuɗi. Nawa ne, da wane ma'auni? Daga ina ya shigo, ina ya fita? Wa ya sāke gwadawa, wanda ba shi da riba a ciki? In an ɗaure ido, yana nan? Wane sakamako ne, in ya fito, mai maganar zai yarda ya yi kuskure? Ilmin kwantam ya amsa waɗannan duka shekara fiye da 100, yana kuma shirye ya sāke amsawa gobe. Wanda ya ari sunansa, a nemi ya amsa su shi ma kafin a buɗe jaka, kada a yi cinikin biri a sama. Kwali da kwabo kuwa ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba, a gwada gwajin yarinyar nan a aji, yara su ƙidaya da hannunsu, gama gani ya kori ji.